Ranar da Na Bi Motar Auduga da Babbar Riga

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, ina sabon malami a wata makaranta da ke wajen Bolari a Gombe. Har yau in na ga motar auduga sai kunya ta kama ni.

Muna da wani Bature mai koyar da lissafi, wanda ya zo daga ƙasarsu da fayafayan roba guda huɗu a jaka. Shi ya koya mana wani wasa. A kafa rabin duro can ƙarshen fili, ka wurga faifai daga nesa, ka je inda ya faɗi ka sake wurgawa, har ya shiga duron. Wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci. Kullum yana nanata mana cewa jifar farko ta ƙarfi ce, amma in ka kusa, faifan da hannunka ya sani za ka ɗauka, ka ajiye shi a gindin duro kawai.

Nawa faifan shi ne wanda yara ke kira Tsohuwa. Ya koɗe, akuya ta ɗan gutsuri gefensa, kuma ba ya nisa. Amma inda ka nufa nan yake zuwa, ya sauka ya kwanta, ba ya gangarawa. Wata shida ina jifa da shi kowace yamma.

Da Baturen ya tashi komawa gida, sai ya ce za a kara tsakanin ajina da ajin Malam Yohanna, wani abokina mutumin Billiri, ajin da ya ci ya riƙe jakar. Yaran ajina sun ƙwallafa rai a kanta. Shugabar ajin, Ladi, har ta share wuri a kabad ta shimfiɗa takarda.

To, a makon ne na karɓo babbar rigata ta farko daga wurin tela, albarkacin ƙarin albashin da aka yi mana. Shadda ce shuɗiya, ta sha aiki a wuya. An ce iyaye da manyan gari za su zo bankwana, ni kuwa na ga ai ba a tarbar baƙi da tsohon kaya. (Wanda ya ce mini ana wasan jifa da babbar riga, har yau ban gano shi ba. Ni na faɗa wa kaina.)

Yara suka yi nasu, aka tashi kunnen doki, saura mu malamai. Ni na fara. Jifata ta farko ta yi kyau, na tsaya kamar taku ashirin daga duro. Abin da ya rage mai sauƙi ne, in ajiye faifai kusa, in jefa shi ciki a ta uku.

Ladi ta miƙo mini Tsohuwa. Na dube ta, na dubi hannun rigata, na dubi mutanen da ke zaune a inuwar dogon yaro. Wallahi kunya na ji. A bakin jaka kuwa ga wani jan faifai sabo fil, yana ƙyalli, ban taɓa ko riƙe shi ba.

"Malam, Tsohuwa fa," in ji Ladi a hankali.

"Bari ki ga aiki," na ce. Na yar da Tsohuwa a ƙasa, na ɗauki jan.

Kuma ba ajiyewa kusa na yi niyya ba. So nake ya faɗa duro daga nan inda nake, a tafa mini. Na naɗe hannun riga a kafaɗa, na ja da baya, na saki da iya ƙarfina. Hannun rigar ya zamo ya harɗe mini gwiwar hannu. Faifan ya tashi sama, ya karkata hagu, ya haye katanga, ya je ya kwanta luf a kan buhunan wata motar auduga da ke wucewa a titi.

Da na tsaya nan, da abin ya zo da sauƙi. Sai na bi motar. Na fita ta ƙofa da gudu, riga na cika da iska, hula ta faɗi, takalmi ɗaya ya tsinke, ina ihu, "Direba! Direba!" Yaron motar da ke zaune a saman buhu ya ɗaga mini hannu, a zatonsa gaisuwa ce.

Na dawo ina ɗingishi, hula a hannu. Dattawa suna ta duban ƙasa don kada su yi dariya, wanda ya fi dariyar ciwo. Malam Yohanna ya sunkuya ya ɗauki Tsohuwa, ya kakkaɓe ta.

"Malam, tun da ba ka so, ka ara mini?"

Da ita ya yi wasansa duka. Bai yi wata bajinta ba, sannu a hankali ya matso, ya ajiye ta a gindin duro, ya jefa ta ciki. Ajinsa suka tafi da jakar, fayafayai uku a ciki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Litinin da safe, da na shiga aji na tarar Ladi tana ninke takardar da ta shimfiɗa a kabad. Na fara kame-kame, ina cewa iska ce, rigar ce. Ta saurare ni har na gama, cikin ladabi.

"Malam," ta ce, "ai Tsohuwa ba ta san an yi baƙi ba. Yadda ta saba za ta yi."

Tun daga ranar, duk sanda idon jama'a ke kaina, abin da hannuna ya saba da shi nake ɗauka, ko da akuya ta ci gefensa. Babbar riga kuma sai Juma'a.