Rasuwar Goggo Firiza da Naman da Ya Bi Ta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da abin da ba a faɗa a gaban mai cin abinci, ni Eva, Maman Joel, a madadin iyalan Nehemiah na unguwar Nassarawo a nan Mubi, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da 'yan zumuntar mata rasuwar uwar ɗakinmu, firizar gidanmu, wadda yara ke kira Goggo. Ta cika a tsakiyar zafin Maris, bayan gajeriyar rashin lafiya da doguwar rashin kulawa. Ba ta tafi ita kaɗai ba. Ta tafi da rabonmu na watandar Kirsimeti, saniyar da magidantan layinmu suka haɗa kuɗi suka saya aka raba, naman da aka tsara zai kai mu Ista.

Marigayiya ta shigo gidanmu da shekarunta, domin ta hannu ce. Baban Joel ya yi cinikinta tun hantsi har mai shagon ya gaji, ya sallama don ya samu ya tafi masallaci. Ta zo da tabo a murfi da ƙafa uku, muka cika mata ta huɗun da bulo. Duk da haka ba ta taɓa yi mana gori ba. In tumatir ya faɗi a kasuwa, ita ke riƙe mana markaɗe har ya sake tsada. Sauran miya, sauran shinkafa, ɗan guntun kifin da yaro ya bari, duk ta karɓa ta adana. A cikinta na daskarar da kunun aya da zoɓon da nake sayarwa, kuma da azumi ƙanƙararta ta shiga gidaje da yawa a layin nan. Masu wuta sun wulaƙanta ta iyakar wulaƙanci, su kawo rabi su ɗauke duka, amma da an dawo da ita sai ka ji ta daga kusurwar falo tana cewa zuuuu, a hankali, cikin natsuwa. Wannan muryar ce ke sa ni barci.

Ya kamata masu ta'aziyya su san halin da ta ƙarasa rayuwarta a ciki. Ranar da naman watanda ya iso, Baban Joel ya zauna da kansa ya ƙulla shi leda-leda, kowace leda ta Lahadi guda. Aka kori kununa da zoɓona don a ba nama wuri. Da ya kama Joel ya leƙa ciki sau ɗaya, ko taɓawa yaron bai yi ba, sai ya kira mai walda aka yi wa Goggo wurin rataya kwaɗo, ya sayo sabon kwaɗo ya danna. Makulli kuwa ya koma jikin ɗamarar wandonsa, da shi yake zuwa coci, da shi yake shiga banɗaki. Duk wanda ya yi ƙorafi sai ya ji karatun da muka haddace, wai ajiya maganin wata rana. Haka muka yi ta shan miyar kuka da daddawa daga Litinin zuwa Asabar, ga cinyar saniya kwance a falonmu. Autarmu Divine takan manna kunnenta a jikin Goggo ta ce nama yana barci.

Ciwon ajali ya kama ta ne ranar da mai gidan ya tafi Michika gaida tsohuwarsa, da niyyar ya haɗa da sayen dawa tun da can ta fi sauƙi. Da yamma muryarta ta canja. Maimakon zuuuu sai ƙyat, gurrr, ƙyat. Ta yi haka ta sake yi, sannan ta yi shiru alhali ga wuta tana ci a kwan falo. Na aika aka kira Yaya mai gyara. Ya durƙusa a bayanta, ya taɓa, ya shinshina, ya girgiza kai ya ce zuciyar ce ta ƙone. Ya ƙara da cewa, "Madam, yau ɗin nan ki cire nama ki soya shi, ko ki yi banda. Wannan zafi ba ya jiran mutum." Maƙwabciyata Habibat, Allah ya saka mata, ta turo babbar tukunyarta da ragar banda da gudumar mijinta.

Na kira Baban Joel a waya. Zan rubuta amsarsa yadda ya faɗa, don kada gobe a ce na ƙara gishiri. Ya ce, "Kada ki taɓa kwaɗo ɗin nan, Maman Joel, sabo ne. In ba a buɗe ba, ta ina sanyi zai fita? Gobe ina zuwa."

Masu tambayata me ya hana ni ɗaga gudumar, ina gayyatarsu su zo su zauna da mutumin da ya taɓa yin mako guda yana shari'ar cokalin da ya ɓata. Na ce gobe ai ba nisa. Ashe goben tana jiran motar ƙaninsa Japhet ce, wadda za ta kawo shi kyauta shi da buhunansa, don kada ya biya kuɗin mota a tasha. Motar Japhet ta yi faci. Da aka gyara, sai ta tsaya jiran lodi. Da aka samu lodi, sai Japhet ya tuna yana da biki. Kullum na kira, amsar ɗaya ce, gobe, kuma a kula da kwaɗo.

Ba zan ɓoye wa jama'a yadda jinyar ta ƙare ba, domin duk wanda ya bi layinmu a makon nan ya riga ya samu labari ta hanci. Da farko wani ruwa ne ja-ja ya fara tsattsafowa ta ƙarƙashinta, ya bi siminti ya shige ƙarƙashin kujera. Sai ƙudaje, manya masu koren baya, irin waɗanda ban taɓa gani ba sai a mahauta. Labule ya ɗauki warin, katifa ta ɗauka, har rigar makarantar 'yarmu Rachael ta ɗauka, malamarsu ta mayar da ita kujerar bakin taga. Karnukan unguwa suka yi sansani a ƙofar gida. Habibat ta kwashe murhunta ta koma can bayan ɗakinta, ta leƙo ta katanga da gyale a hanci ta ce, "Maman Joel, ki yi haƙuri fa, amma abin nan ya wuce maganar kwaɗo." A lokacin ko an ba ni guduma goma ba zan iya matsawa kusa ba. Ranar da na ga ungulu ta sauka a kan rufinmu, na kwashe yara muka koma kwana a tsakar gida.

Mai gidan ya iso daga ƙarshe, da buhunan dawarsa da fara'ar wanda ya ci riba. Ya shiga falo, fara'ar ta tsaya a bakin ƙofa. Ya ciro makulli, ya buɗe kwaɗon a hankali kada ya karce, ya goge shi da gefen riga ya sa a aljihu, sannan ya ɗaga murfin. Ledojin sun kumbura sun fashe. Naman ya zama kore da toka-toka, yana iyo a cikin wani baƙin ruwa mai kumfa, kuma abin da ke ciki yana motsi. Joel ya fita a guje ya yi amai a gindin mangwaro. Ni kuwa abin da ya fi mini muni shi ne abin da na ji bayan haka, domin bawan Allahn nan ya toshe hanci, ya leƙa sosai, ya ce, "Na sama-saman nan, in an wanke shi da lemun tsami fa?" Wallahi ƙyamar wannan magana ta fi mini ƙyamar warin. Garin neman gira an rasa ido, kuma har yanzu ana lalube.

Marigayiya ta rasu ta bar yara uku da rabonsu da nama tun Lahadin da ta wuce waccan, da ni da sana'ar kunu ta mutu a hannuna, da bulon da ya tallafe ta har ƙarshe bai gaji ba. Ta bar na'urar daidaita wuta da aka ce za a saya mata in farashi ya sauka, wadda har yau tana shago. Ta kuma bar kwaɗo guda, yana nan cikin ƙoshin lafiya, ko ƙwarzane babu. Masu son yi masa barka za su same shi a aljihun mai shi.

Game da jana'iza, an riga an binne naman a rami mai zurfi a bayan gida, an danne da duwatsu saboda karnuka. Mai gidan ne ya haƙa shi kaɗai da rana tsaka, domin kiran lebura ɓarnar kuɗi ce, ni ma a wannan karon na yarda da shi. Divine ta tsaya daga nesa tana kallon ledojin suna shiga rami ɗaya bayan ɗaya, ta ja zanena ta ce, "Mama, wanne ne na Ista?"

Gawar Goggo an yi mata wanka da toka da sabulu har sau ba adadi, warin ya ƙi fita. An kawo shawarar a riƙa zuba dawa a cikinta, na ce sai dai a zaɓa, ko ita ko ni. Saboda haka ranar Asabar da safe 'yan gwangwan za su zo da amalanke su ɗauke ta daga ƙofar gida. Ana roƙon masu rakiya su zo da ƙyallen toshe hanci, kuma kada kowa ya kawo mini wa'azin tattali, na ƙoshi.

Bayan an sallami gawa za a yi zaman makoki a tsakar gida, inda za a yanka bunsurun da mai gidan ya ɗaure a bayan kicin yana tattali. Mai bunsurun zai ji labari ne a cikin wannan sanarwa kamar kowa. Habibat ta ɗauki nauyin suya, ni kuma farfesu. Kowa ya zo da yunwarsa, kada ya zo da leda, domin ko ƙashi ba zai kwana ba. Divine ce za ta fara sa hannu a tukunya, kuma babu mai ƙirga mata.