Yadda Za Ka Raini Ciwon Wuya Har Ya Kusa Cinye Maka Aure

Albishirinka! In ka bi matakan nan, na yi maka alkawarin wuyanka zai ƙage ƙam, kafaɗa ta riƙe, har sai ka juya da jiki duka kafin ka ga mai kiranka. Na gwada su a kan Gambo, telan Sabon Garin Gusau, sun ci.

1. Gyara zama, wato ɓata shi

Shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka fito, kowane ma'aikaci ya ruga ɗinka babbar riga. Gambo ya duƙa kan keke, kujera doguwa, keke can ƙasa, hanci na shinshinar allura, kafaɗu sun haye kunnuwa. Yi haka daga hantsi zuwa la'asar. In barci ya zo, tara yadikan mutane ka yi matashi da su.

2. Kada ka gaya wa kowa

Namiji da kukan wuya? Haba! A sa ƙaho, a shafa man zafi, a yi shiru.

3. In an ja ka asibiti, nemi allura

Maƙwabcinsa Mas'udu ne ya tisa ƙeyarsa zuwa ɗakin gashin ƙashi. Ma'aikacin ya gasa wuyan da tawul mai ɗumi, ya ce: ɗora keken bisa bulo, miƙe baya, maida haɓa ciki, juya kafaɗu, ka riƙa tashi kana miƙa.

"To, allurar hwa?" in ji Gambo.

"Babu."

Gambo ya kaɗe riga ya fito. Asibitin da ba allura ai hira ce, kuma hira akwai ta kyauta a bakin kasuwa.

4. Yanzu tafi gaida surukai

Nan daɗin yake. Matarsa Shafa'atu tana Bungudu wankan jegon ɗan fari, shi kuwa kewarta ta ishe shi. Ya hau babur ya nufi can. Surukinsa Malam Arzika na zaune gefen hagu na hanya cikin dattawa, ya ɗaga hannu. Gambo ya wuce fuu, kai tsaye kamar an dasa. Da aka haɗu a zaure ya durƙusa, amma kan ya ƙi sunkuyawa, sai ga shi yana kallon suruki ido cikin ido.

"Wanga yaro kuɗɗi sun hau mai kai," in ji tsohon. "Ɗiyata ba ta komawa Gusau sai ya koyi gaisuwa."

Ka ga nasara! Wuya a ƙage, ɗaki ba mata.

5. Kada ka yi abin da Gambo ya yi daga nan

Raina ya ɓaci ƙwarai, don yaron nan ya watsa mini ƙasa a ido. Ya nemo bulo. Ya miƙe baya. Kana tsaka da ba shi awo sai ya tashi yana murza kafaɗu, yana maida haɓa kamar zakara, har masu wucewa suka ce jifa aka yi masa. Bai fasa ba. Makonni suka shuɗe, wuyan da na sha wahalar rainonsa ya fara saki, ran nan ya yi sallamar sallah dama da hagu ba ko cije leɓe.

6. Koma Bungudu, in ka isa

Tun daga nesa Gambo ya kashe babur, ya tako har gaban tsohon ya zube, kai har ƙasa. Malam Arzika ya ci gaba da kallon hanyar Gusau, ko waiwaye.

Sai Inna, matar tsohon, ta leƙo daga zaure. "Ba hushi shikai ba, ɗan nan. Kullum shina nan shina leƙen hanya ko za ka taho, har wuyan ya ƙage. Bai so a sani."

Gambo ya zagaya ta inda idon tsohon yake, ya sake durƙusawa.

"Baba, a yi man gahwara. Maida haɓa ciki."

"Ba allura?"

"Babu, Baba."

Kafin magariba Shafa'atu na bayan babur da goyo, dattawan Bungudu kuwa sun jeru bakin hanya suna juya kafaɗu.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakaina matarsa ta ƙi dawowa, ba ruwana, ba hannuna. In kuma dole sai ka kawo ƙara, ka biyo ta gabana. Ta hagu ba zan gan ka ba.