Agogo Mai Fitila na Ƙarfe-Nawa

Duk layin nan babu wanda Allah ya ba sanin darajar lokaci kamar Ƙarfe-Nawa. Shekara talatin ya yi yana buga ƙararrawar tashi a masana'antar sabulu, aikin da shi yake kira Babban Jami'in Kula da Lokaci. Da ya yi ritaya ya rasa wanda zai buga wa, sai ya dawo kan maƙwabta. Ka gaishe shi, kafin ya amsa sai ya ce, "Ka san ƙarfe nawa yanzu?" Daga nan sunan ya bi shi. A gabansa kuwa, ranka ya daɗe ake cewa.

Abin alfaharinsa wani tsohon agogo ne da ya samo wajen 'yan gwanjo. Jikinsa tagulla, ƙafafunsa irin na zaki, a kansa kuma an dasa fitilar lantarki mai hula kamar ta amarya. A falo ya ajiye shi, daidai taga, don ko makaho ya wuce ya ji labari.

"Wannan ba agogo ba ne, ilimi ne," in ji shi. "Wuta ɗaya ke tafiyar da fitilar da agogon. In an ɗauke wuta, fitila ta mutu, shi yana nan yana tafiya. Me ya sa? Yana ajiye wuta a cikinsa. Ku da ba ku yi aikin masana'anta ba, ba za ku gane ba."

Cikin maƙwabtan da ke sauraro, Wanzami ya ce lalle ba za su gane ba. Tela ya nemi a maimaita masa, don ya iso a makare.

Ana haka sai zaɓen shugaban kwamitin unguwa ya taso. Kujerar ba ta da albashi, amma tana da hatimi, kuma Ƙarfe-Nawa ya daɗe yana mafarkin hatimi. Abokin takararsa Tela ne, mutumin da in ya ce ka zo gobe, jibi ma ka yi gaggawa. Saboda haka Ƙarfe-Nawa ya miƙe a taro ya kawo doka: ranar zaɓe, ɗan takarar da ƙarfe huɗu ta buga ba ya cikin zaure, ya faɗi.

"Al'ummar da ba ta san lokaci ba, ba ta san kanta ba," ya ce, yana kallon Tela. Aka tafa. Shi ya fara.

Saura kwana takwas zaɓe, ya shigo falo ya tarar da matarsa ta zura hannu bayan agogon.

"Ke! Me kike taɓawa?"

"Maigida, dama ina..."

"Dama me? Kayan lantarki ne! Kin taɓa aikin masana'anta?"

Ta ce a'a, ba ta taɓa ba. Ranar nan ya sa kafinta ya yi wa agogon akwatin gilashi, aka huda wa waya hanya, ya datse da kwaɗo, ya jefa makulli aljihu. Ko ƙarar tafiyarsa ba a ƙara ji ba. Matar ta ce, "To, Maigida," ta koma wankinta.

Ranar zaɓe tun azahar ya sha babbar riga, ya kunna fitilar da rana tsaka don girmamawa. Zaure taku hamsin ne daga gidansa, kuma babban mutum ba ya riga jama'a zuwa. Ya yanke shawara zai fita huɗu saura biyar, ya shiga daidai kan aya. Ya duba: huɗu saura minti ashirin. Sai ya tsaya gaban madubi ya karanta jawabin nasara, shafi shida. Ya gama, ya duba: huɗu saura minti ashirin. Ya jinjina wa kansa. Ashe bakinsa ya yi kaifin da zai cinye shafi shida ko minti bai cika ba. Ya sake karantawa, har da wurin da zai dakata a yi tafi.

Matar ta leƙo. "Maigida, rana fa ta yi sanyi."

"Rana ce za ta koya wa agogona aiki? Ba ki ga fitila na ci ba?"

Yana cikin karatu na biyar ya ji tafi daga zaure. Ya ce jama'a sun ƙosa, bari ya tausaya musu ya fita da wuri. A ƙofar gida ya yi karo da Tela, hatimi a hannu, jama'a a baya.

"Ranka ya daɗe," in ji Tela, "ka san ƙarfe nawa yanzu?"

Biyar da rabi. Tela kansa huɗu saura minti ɗaya ya shiga, da gudu, takalmi ɗaya a hannu.

Ƙarfe-Nawa ya koma falo yana rantsuwa masu wuta ne suka aiko da gurɓatacciya. Matar ta kwance bakin zaninta, ta ciro wani ɗan makullin tagulla, ta ajiye masa a kan gilashin.

"Ta baya ake wana shi, Maigida. Sau ɗaya a mako. Shekara uku ke nan ni ce wutar."