Ranar da Na'urata Ta Tona Mini Asiri Gaban Rakiya

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Habsu ba, ko da yake na so in manta. Lokacin ina karatun kimiyya a Damagaram, na taho Matameye da wani ɗan akwati da muka haɗa a makaranta. A cikinsa akwai takarda mai rini da ke ƙyalli kore, da wani ido mai kallon ta. Tururin isans (wato fetur) ko ruwan tsinka fenti na taɓa ta, ƙyallin ya dushe, akwatin ya hau kuka.

Na ce wa kowa lafiyar amarya ce ta sa na kawo shi, tunda wasu na zuba isans a lalle don ya kama. Ƙarya nake. Rakiya mai lalle nake so ta dube ni. Tun muna yara nake son ta, ban taɓa iya faɗa ba.

Na shigo tsakar gida cikin farar shadda, na yi wa mata lacca (har da ɗaga yatsa, Allah ya shirye ni). Rakiya ta turo kwanon lallenta, ta ce, "Bismillah, Malam likita."

Ina miƙa hannu akwatin ya ɗau ƙara. Mata suka yi salati. Fuskar Rakiya ta canza, domin sana'arta ke nan za ta mutu a garin. Ta ce, "Ajiye shi nan, ka ja baya."

Na ja. Tsit. Na matso, ya sake kuka.

Inna ta cafko hannun rigata ta shinshina. "Kai, ɗan nan! Ba kai na gani ɗazu kana goge baƙin man mota da isans ba?"

Ni ne. Ƙofar taksi ta shafa mini, na goge, na bulbule da turare.

Wayyo, dariya! Rakiya ta yi har da hawaye, ta ce, "To ka matsa daga murhu, kar ka kama." Wallahi maganar ta yi mini daɗi. Kunya ta sa na gudu Damagaram kafin a kai amarya, shekara na zagayowa aka kai Rakiya gidan miji a Yauri.

Har yau ina kewar dariyar nan. Ni dai na koyi abu guda: in kana son yarinya, da bakinka ake zuwa, a bar akwati a gida.