Rasuwar 'Yar Baƙa, Tukunyar Miyar Gidan Alhaji Lado

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, ni Alhaji Lado dillalin shanu, mazaunin bayan kara a garin Kiyawa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, musamman 'yan majalisarmu ta gindin darbejiya da matan unguwa, rasuwar tukunyar miyar gidana, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta rasu washegarin Babbar Sallar bana, a kan murhu, tana bakin aikinta. Wanda ya leƙa ta yau zai rantse lafiyarta ƙalau, don ba tsaga a jikinta, ba ɓalli a bakinta. Amma ta tafi. Da so samu ne da na binne maganar tare da ita. Abin da ya hana shi ne an ɗora mutuwar a wuyan mai ɗakina, Zinariya, wadda ba ta ji ba ba ta gani ba, kuma sunanta yana lalacewa a gari.

Marigayiya ta shigo gidana shekarar da aka yanke Jigawa aka ce Dutse ce hedikwata. Surukata, Allah ya jiƙanta, ita ta zaɓo ta a kasuwar Shuwarin. Ta ƙwanƙwasa ta da zobe, tukunya ta amsa ƙwal, tsohuwa ta ce wannan za ta yi rai, ta aiko wa 'yarta da ita. A shekarar nan kowa hankalinsa yana kan risho da tukwanen ƙarfe irin na ma'aikatan da suka taso daga Kano. Ni ma don kada a bar ni a baya na sayo jere guda masu sheƙi. Zinariya ta yi godiya, ta mai da su na dafa ruwan wanka.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa ƙona miya don an daɗe a wajen sallah ba. Ba ta tona asirin maigida: ranar da aljihu ya yi sanyi aka jefa mata ƙashi ɗaya da daddawa, sai ta fitar da ƙamshin da maƙwabta za su zaci rago aka kayar. Muryarta ma ta natsuwa ce. In kuka ce sai ka ji fut, fut, kamar tsohuwa tana lazimi. In taushe ne sai ɓal-ɓal-ɓal, marfi yana amsa mata kaf-kaf. Lokacin sanyi, sanda tumatir da alayyafon fadama ke neman mai ɗauka, ba ta sauka daga wuta. In sanyi ya fara naɗe tabarmarsa, mata suka baza kauɗar tumatir a rana don guzurin bazara, sai ta koma kuka da busasshiyar kuɓewa ba tare da ta ɓata rai ba. Babbar ɗabi'arta kuwa riƙon amana. Duk abin da aka zuba mata sai ta ajiye wani abu nasa a jikinta. Shi ya sa miyarta ta bana ta fi ta bara. A riƙe wannan, za a buƙace shi a gaba.

Ni ba baƙon abinci ba ne. Na bi motar shanu har Agege, har Anaca, na ci na mai kyau na ci na marar kyau. Da aka ƙaddamar da shari'a aka rufe wuraren da muke zuwa shan farfesu a Dutse, farfesu kaɗai, kowa ya kama bakinsa, sai na dawo gida cin abinci kamar kowane dattijo. A nan na gane ashe abin da nake ƙona mai ina nema yana zaune a madafata a kan duwatsu uku.

Ciwon ajalinta ya fara ne ana saura 'yan kwanaki Sallah. Zinariya ta tafi Buji sunan jikarmu. Ni kuma ranar kasuwa na tsaya wajen wani mai magani da lasifika, wanda har yau ban san daga inda ya ɓullo ba. Ya ce sassaƙensa yana maganin basir, da sanyin ƙashin da hunturu ke bari, da wani abu na uku da ke damun maza masu furfura. Na ce masa ni na ƙashin nake so. Ya kalle ni, na kalle shi, ya ƙulla mini babban ƙulli. Yawancinsa ɓawon maɗaci ne. Sharaɗinsa ɗaya: kada a dafa a ƙarfe, sai a tukunyar ƙasa wadda ta saba wuta.

Da na aika an sayo sabuwa, da an tambaye ni ta mece ce. Sai na rufe ƙofar gida da rana tsaka, ni da ban taɓa sanin inda ake ajiye ashana ba, na ɗora 'Yar Baƙa. Ranar ba ta yi fut ba, ba ta yi ɓal ba. Wani irin gurnani ta yi ta yi, kumfa ja yana malalowa ta gefen marfi. Ban fahimci kuka take ba. Na maimaita washegari, na sake maimaitawa. Sannan na wanke ta da toka, na ƙara da omo, na shanya ta, na kife ta yadda na same ta. Ni a dole na yi wayo. Shekara da shekaru ina gane saniya mai ciwo daga tafiyarta, amma ban san ƙasa tana shan abin da aka ba ta ba. Maganin kuwa, don kada wani ya tare ni da tambaya, bai yi ba. Ko na ƙashin.

Kowa ya san al'adar gidana. Washegarin layya Zinariya kan yi farfesun kai da kayan ciki, 'yan majalisa su hallara a zaure, har yayanta Malam Mika'ilu yakan taso daga Garki saboda shi. Bana ma haka aka yi. Aka buɗe akushi, turiri ya tashi. Ashafa, ɗan majalisarmu, shi ne ya fara kai loma. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ya haɗiye da ƙyar don kara. Malam Mika'ilu ya ɗanɗana, ya ajiye cokali a hankali. Ni ina kaiwa baki na gane ɗacin, don tsohon abokina ne, mun kwana mun tashi tare.

A nan ne inda nake so ƙasa ta tsage. Maimakon in yi shiru, sai na yi dariya na ce, "Ku yi haƙuri, jama'a, tsufa ne. Hannu ya fara rawa, ta fasa maɗaciya a nama."

Aka yi dariyar yaƙe. Ashafa ya ce, "Haba Alhaji, shekara nawa muna cin hannun nan, yau ɗaya dai." Zinariya kuwa tana bayan ƙyaure, ta kawo ruwan sha, ta ji komai. Na ji an ajiye kwano a ƙasa, na ji takun komawa.

Magana ta fita zaure ta shiga gidaje. Matar da ba a ɗora tukunyar biki ko suna a unguwar nan sai an miƙa mata ludayi, ita ce aka yi suna a gidan Maijidda, katanga ɗaya da mu, ba a aiko mata ba. Tana zaune tana jin dakan. Har wata ta aiko yi mata jaje, wai a gwada mata tabarau.

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da na samu sauƙi. Abin da ta yi shi ne, ta sauko da tukwanen ƙarfen nan tana yi wa gida miya a ciki, tawa ni kaɗai kuma a cikin marigayiya. Kullum. Ranar da ta kai ni bango kuka ce tsura, ta durƙusa ta ajiye, ta ce, "Alhaji, yau babu nama, balle maɗaciya. A ci lafiya." Na cinye tas, don in na ce da ɗaci sai an tambaye ni daga ina. Na je wajen liman a kaikaice, na ce wani abokina ne ya yi wa hannun matarsa ƙazafi, ko akwai bulala? Ya ce bai ga wannan babin a littafi ba, amma a gaya wa abokin nan, inda ya ɓata a nan zai gyara, kuma a gaishe shi da ɗacin baki.

Don haka nake shaida wa duniya: maɗaci ne ya kashe ta, ba maɗaciya ba. Namijin ne ya yi ɓarna, aka kama macen.

Marigayiya ta rasu ta bar uwar riƙonta Zinariya, da marfinta wanda yanzu ba shi da inda zai zauna, da ludayin duma, da maburgi, da duwatsun murhu da suka ɗauke ta duk tsawon rayuwarta. Ta bar tukwanen ƙarfe, waɗanda suka gaji kujerarta ba su gaji halinta ba. Wadda ta zaɓo ta ta riga ta tafiya, don haka kada wanda ya ce mini a sayo wata. Za a sayo, amma ba ita ba ce.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar a gindin darbejiya. Ni zan ɗauko gawar a kaina, daga ƙofar gida har majalisa, ta babbar hanya, ba ta lungu ba. Za a tafasa ruwa tsura a cikinta a gaban kowa, in cika moɗa in shanye. Duk wanda ya ci farfesun Sallah yana da haƙƙin ɗanɗanawa, ya kai wa matarsa labari yadda ya kai na farko. Daga nan za a kife ta a kan katanga ta zama ɗakin tattabaru, in sun yarda, don kaji an gwada su sun ƙi ruwanta.

Abincin sadaka na roƙi Zinariya ta dafa da hannunta. Har na gama rubutun nan ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba, amma na ga ta jiƙa daddawa. Masu zuwa gaisuwa su wuce cikin gida kai tsaye, wajenta za a yi. Matan da ke da suna ko biki a gaba su taho da ludayinsu. Ni kada wanda ya tsaya miƙo mini hannu a zaure. Ba a yi wa ajali ta'aziyya.

Sanarwa daga Alhaji Lado dillali, Kiyawa.