Ƙafata a Hannun Surukina

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaishe da mahaifin Rabi a Tudun Wada ba. Daga wannan gaisuwar zai yanke ko in turo magabatana ko in kama gabana.

Ana saura kwana huɗu na dubi tumbina na ce a'a, ba da kai za mu je ba. Na shiga gudu safe da yamma, na kuma rage shan ruwa (wani abokina ne ya rantse mini ruwa ke ƙara tumbi, ni kuma da digirina na yarda).

Ina shiga falo na zube na tsuguna. Baba ya ce, "Hau kujera mana, Malam." Ni mai tarbiyya na ce, "A'a Baba, nan ma ya isa." Yana cikin tambayar asalina sai sharaɓata ta dama ta ɗaure tamau kamar dutse. Na cije leɓe, na sunkuyar da kai, gumi na tsiyaya. Baba ya dubi ƙaninsa da ke gefe ya ce, "Ka ga yaro mai kunya."

Kunyar ba ta ƙara minti ɗaya ba. Na kurma ihu, "Wayyo Inna!" Na ɓingire, na miƙe ƙafa har tana zungurar gwiwar Baba.

Ashe Baba tsohon ma'aikacin asibiti ne. Ya cafke ƙafar, ya tura yatsun sama, yana murza tsokar har ta saki. Sai kuma tambayoyi, da ƙarfi: "Yaushe rabonka da ruwa? Gudu ka fara? Fitsarinka wane launi ne?" Ina kwance, hula can gefe, na faɗi gaskiya tsaf. Daga bayan labule na jiyo wata dariya da na sani sarai.

Na fito da tabbacin na rasa Rabi. Wallahi har ƙwalla na yi a cikin keke. Bayan kwana biyu saƙo ya iso, wai in turo. Baba ya ce wanda bai ɓoye launin fitsarinsa ba, ba zai ɓoye wa 'yarsa komai ba.

Shekararmu shida da aure yanzu. Har yau in na je gaishe shi, ko da baƙi a wurin, kafin ya tambayi jikokinsa sai ya ce, "Malam, yaya launin?"

Na dai gane faɗin gaskiya kan sa a ba ka mata, amma girmanka ya tafi ke nan.