Dokin da Aka Rubuta Ba Ya Tafiya

Ranar Talatar makon jiya, bayan an ci tuwo, ina zaune a ƙofar ɗakina ina kallon jemagu suna barin bishiyar mangwaro, sai na ji wani sauti daga bayan katanga. Gurus, gurus, ya tsaya, ya sake. Ba ƙarar jirgin ƙasa ba ce, don mu mutanen Kafanchan ko a barci mun san ta. Ba kuma injin niƙa ba ne, don rabon unguwarmu da wuta tun bikin Ista. Na jawo turmi na taka, na leƙa. Ashe doki ne yake cin allo.

Allon nan kuwa ba ƙaramin allo ba ne. Manya ne suka kafa shi shekara uku da suka wuce, da tafi da shan lemo, an rubuta masa da jan fenti: ZA MU ISA KOWANE ƘAUYE. Lokacin da na leƙa, dokin ya riga ya gama da ƙauyen.

Bari in yi muku bayani. Bayan gidana akwai yadin wani ofishi, wanda ba sai na kira sunansa ba. Da wahalar mai ta yi tsanani, mutum ya kwana biyu a layi ya dawo da jarka babu ko ɗigo, sai shugaban ofishin, Mai Girma Uban Biro, ya yi tunani mai zurfi. Ya ce ma'aikatansa su daina jiran fetur, su hau doki su shiga ƙauyuka. Ni kam na yaba. Aji uku kawai na yi a makarantar mishan, amma na san doki ba ya bin layi. Aka sayo guda goma sha biyu daga can Arewa, aka haɗo da wani dattijo, Malam Arzika, mai kula da su. Abu ɗaya kawai aka manta: a cikin ma'aikatan babu wanda ya taɓa hawa ko jaki. Wanda ya fara gwadawa, har yau da sanda yake zuwa coci.

Sannan babban littafin ofishin ba shi da shafin dabbobi. Akwai na kujeru, akwai na motoci. Akawu ya duba ya ga doki abin hawa ne, ya sa su a shafin motoci, kowanne da lambarsa. Ƙudan tsando na ƙasarmu bai karanta littafin ba, ya kashe biyar.

Da gari ya waye na zagaya na sami Malam Arzika.

"Malam, dokinka yana cin allon hukuma."

"Baba Zamani, yunwa ce. Yau kwana goma an hana harawa, an hana dusa. Gwanjo za a yi ranar Asabar."

Ga wanda bai san al'adar gwanjon ofis ba, ga yadda take. Kafin ranar, akan cire wa mota batir da tayoyi, a kira makanike ya rubuta cewa ba ta tafiya, kuɗinta ya faɗi warwas, sai surukin wani babba ya saye ta a kuɗin keke. Washegari batir ya dawo da kansa. To doki ba shi da batir, shi ya sa aka cire masa abinci. Makaniken ma ya zo, da sifana a aljihu. Ya zagaya kowane doki sau biyu, ya ƙwanƙwasa haƙarƙarinsa, ya saurara, ya rubuta: ba ya tafiya. Ina son mutumin da ke riƙe tsari.

Sai dai a wannan karon surukai ba su da sha'awa. Masu so su ne wasu dillalai da ke lodin dabbobi a tirela, kuma inda suke kai su ba hawansu ake yi ba.

Malam Arzika ya dafa wuyan mai cin allon, wani ja mai farin goshi. A littafi sunansa Lamba Bakwai.

"Wannan sau biyu yana kwantawa, sau biyu ina tashe shi da hayaƙi da jiƙo. Na sayar da rediyona don in saye shi. Idan kuɗin bai isa ba, ya shiga tirelar nan, ban san abin da zan zauna yi a garin nan ba."

Ranar Asabar muka tafi mu uku daga layinmu: ni, da Wilfred tsohon ma'aikacin reluwe, da Hellen mai tuyar ƙosai. Mai gwanjo ya hau tebur da ƙararrawa. Doki na farko ya tafi a kuɗin da bai kai na talotalon Kirsimeti ba. Na biyu, akuyar Wilfred ta fi shi daraja, kuma akuyar Wilfred gurguwa ce. Na tuna ranar da aka kawo su, an ce kowanne ya ci kuɗin sabon babur. Na daina ƙidaya, don lissafin manya ba a aji uku ake koyar da shi ba.

Aka zo kan Lamba Bakwai. Malam Arzika ya ce naira ɗari biyu. Wani dillali ya fara ɗaga hannu, sai Hellen ta matsa kusa da shi.

"Oga, wannan doki, kwana uku yana cin allo mai fenti, duk unguwa mun sani. Ka saya ka kai ma mutane su ci. Ubangiji yana ganinka."

Mutumin ya dubi allon, ya dubi dokin, ya mayar da hannunsa aljihu. Ƙararrawa ta buga.

Mun ɗauka an gama. Malam Arzika ya kama igiya ya nufi ƙofa, sai akawun nan, Sarkin Hatimi, ya sha gabansa da takarda.

"Ina za ka da shi?"

"Gida, ranka ya daɗe."

"Da ƙafa?"

"To da me, ranka ya daɗe?"

"An rubuta ba ya tafiya. Idan ya taka ya fita ƙofar nan, rahoton makanike ya zama ƙarya, ciniki ya rushe, a sake gwanjo. Abin da ba ya tafiya ɗaukarsa ake yi."

Sauran shidan an riga an loda su tun daga cikin yadi, babu wanda ya saɓa doka. Dillalin nan kuwa yana jingine da tirelarsa, na ga alamar ya fara sake tunani game da fenti. Malam Arzika ya tsaya da igiya a hannu.

Wilfred ya ce, "Kada kowa ya motsa. Musamman dokin."

Ya tafi kasuwa ya dawo da babban amalanken da ake ɗaukar buhunan citta, da katako biyu. Malam Arzika ya kwance rawaninsa ya rufe wa dokin ido, yana yi masa magana a kunne, a hankali har ya hau. Akawu ya ce hawa ba tafiya ba ce, ya yarda. Mu takwas muka tura, har da 'yan kallo. Ni yawancin turina da shawara na yi. Sarkin Hatimi yana biye da mu a sunkuye, idonsa a kan kofato, kada ɗaya ya taɓa ƙasar hukuma. Da tayar baya ta ƙetare ƙofa, ya dangwala hatimi, ya yi mana murna da bin ƙa'ida.

A bakin titi dokin ya sauko, ya girgiza jiki, ya bi bayan Malam Arzika suka nufi rafi inda ciyawa take. Dattijon yana tafiya babu rawani, yana share fuska da hannun riga. Muka tsaya muna kallonsu muna haki.

Hellen ta gyara ɗaurin zaninta, ta waiwaya ta dubi tagogin ofishin.

"Baba Zamani, wannan an rubuta ba ya tafiya, ga shi can yana tafiya. To su na ciki fa, da aka rubuta suna aiki, wane makanike ne ya duba su?"

Wilfred ya juya amalanke, muka kama hanyar kasuwa.